Yadda Na Goge Burtalin Kakana Saboda Wasan Kwamfuta

Edita, sau uku ina fara wannan wasiƙa ina yagawa, yau dai na daure. A lokacin da abin ya faru ina saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, na gama difloma a fannin kwamfuta na dawo Kankia, ina taya aiki a wani shagon buga takardu da ke bakin titi. Jama'a na kirana injiniya, ni kuma ban taɓa cewa a daina ba. Kaina ya kumbura sosai a wancan lokacin, har ina ganin babu abin da kwamfuta za ta yi in kasa gyarawa.

Mahaifiyata 'yar ƙauyen Boko ce ta ƙasar Kusada, kuma a can mahaifinta yake, wato kakana. Ba malami ba ne, ba mai sarauta ba, amma duk yankin an san shi da abu ɗaya: shi ne ya san burtali, hanyar da aka bar wa shanu tsakanin gonaki, tun daga bayan Boko har ta nufi Bauranya. Tun yana yaro ya bi mahaifinsa ranar da manoma da Fulani suka shata ta, duk sauran da suka halarta sun rasu. Idan damina ta faɗi aka yi gardama, shi ake ɗaukowa a babur ya nuna da sandarsa, gardama ta mutu. Ganin ya tsufa, mai unguwa da arɗo suka shawarta a ɗauki bayaninsa a bidiyo. Wata ƙungiya ta ba da aron laftof da filashi guda na ajiye bayanai, aka ce ai ga jikansa injiniya.

Kwana biyar muka yi muna bin burtalin nan a zafin bazara, shi da sanda, ni da waya. Yakan tsaya a gindin tsamiya ko gawo ya faɗi wanda ya yi iyaka da wa, ya nuna inda shingen aguwa ya mutu, da inda tsohuwar rijiya ta cike. Wani lokacin ya tsokane ni, wai in ɗauke shi da kyau don 'yan matan Kankia su gani. Gaskiyar da nake jin kunyar faɗa ita ce, ban saurara ba. Na bar wa waya sauraro, hankalina yana can wani wuri.

Inda hankalin yake shi ne wani wasan kwamfuta na dabarun yaƙi, wanda mutum zai kafa gari, ya yi gonaki, ya kewaye da ganuwa, ya tara dakaru ya far wa maƙwabta. Tun ina makaranta ya kama ni. Matsalar ita ce laftof ɗin ƙungiyar ba irin tsarin da muka saba da shi a shaguna ke cikinta ba, wani tsari ne daban, wasan kuwa ba ya tashi a kansa. Sai na nemo dabarar da ake ƙirƙiro kwamfuta a cikin kwamfuta: ka yanka wa wata manhaja fili a cikin laftof, ka zuba mata tsarin da wasan ya sani, ta riƙa aiki a tagarta kamar wata na'ura daban. Ranar da garina ya bayyana a allo ban iya cin abinci ba don murna. Filashin da aka ba ni don ajiye kwafin bidiyo kuwa, da kayan wasan na cika shi.

Akwai wani abu a wannan dabara da ya fi burge ni. Kana iya ɗaukar hoton halin da kwamfutar ciki take, in ta rikice daga baya ka danna maɓalli ɗaya ta koma daidai yadda take ranar da ka ɗauka. Na ɗauki irin wannan hoto ranar da na gama saka wasan. Bayan haka ne na kwashe duk bidiyon kakana na zuba a cikin kwamfutar cikin, saboda manhajar haɗa bidiyo da na iya a can take aiki. Na goge na waya don in sami fili, kwafin da ke kan laftof a wajen kwamfutar ciki ma na goge, wai wasan yana nauyi.

Wata Alhamis bayan la'asar, ina tsakiyar kare ganuwata, wasan ya daskare. Na kashe na kunna, kwamfutar ciki ta ƙi tashi daidai. Raina a ɓace, hannuna ya je ga maɓallin nan ya danna. Ta ma tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Ta tashi fes, wasan ya dawo, har na yi ajiyar zuciya. Sai da na gama wani zagaye sannan idona ya kai inda jakar bidiyon take zama, babu komai a wurin. Kwamfutar ta koma ranar da ba ta san kakana ba. Kwana uku na yi ina gwada duk manhajar dawo da abin da ya goge, har Katsina na kai laftof ɗin wurin wani da ya fi ni sani, ya ce fayil ɗin da ke riƙe da aikin an share shi, kuma wasan da na ci gaba da yi ya rubuta a kansa.

Na je Boko na yi ƙarya, na ce cuta ce ta shiga kwamfutar. Kakana bai ko ɗaure fuska ba. Ya ce ba komai, na'ura ai ba ta da alƙawari, in zafi ya sassauta mu sake zagawa, wannan karon ma zai sa sabuwar hula. Da na ce mu fita washegari da mun fita, amma kunya ta sa na yi ta jan ƙafa. Kafin mako uku ya faɗi a ƙofar gida bayan ya dawo daga masallaci. Ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke.

Ruwan farko na sauka, wani manomi ya tura garma cikin wurin da Fulani suka ce burtali ne, shi kuma ya rantse gonar mahaifinsa ce. Aka taru a gindin wata tsamiya, aka aiko a kira ni, tunda ni na bi tsohon kwana biyar. Arɗo ya tambaye ni a hankali, yana kirana ɗansa, ko tsamiyar tana cikin burtali ko tana bakinsa. Na tuna kakana ya tsaya a wurin ya daɗe yana magana, na tuna har yadda ya dafa itacen. Abin da ya faɗa ne ban sani ba. A wannan damina shanu suka shiga gero, aka yi faɗa, wani makiyayi ya rasa amfanin hannunsa na dama, kuma Fulanin da suka shekara arba'in suna kawo wa kakata nono suka tashi daga wurin.

Daga baya na durƙusa gaban kakana na faɗa masa gaskiya duka, har da wasan. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna sandarsa da ke jingine, ya nuna ƙofa. Yana so mu tafi, ba halin tafiya, ba bakin faɗa. Na fita na yi kuka a zaure. Ya rasu kafin kaka.

Ban ce wasa haramun ne ba, dabarar kwamfuta a cikin kwamfuta ma ba ta yi mini laifi ba, sai da ta tambaye ni kafin ta goge. Amma ina roƙon matasa 'yan'uwana: kada ku ajiye amanar mutane wuri ɗaya da abin wasanku, ku yi kwafi biyu ko uku a wurare daban, kuma kada ku danna abin da ba ku tsaya kun karanta ba. Idan tsoho yana muku bayani, ku saurara da kunnenku ko da waya na ɗauka. Har yau in na je Boko nakan tsaya a gindin tsamiyar nan in dafa inda ya dafa, in yi ta ƙoƙarin tuno ko kalma ɗaya, ba ta zuwa.