Masu Neman Albasa a Wayar Mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin da na gaji gonar albasar mahaifina a wajen Aliero, na buɗe shafin kasuwanci a dandalin sada zumunta. Na sa masa sunan marigayin, domin da shi aka san gonar. Abokina mai gyaran waya a Jega ya ba ni shawara in sa madannin nan da ke cewa "Kira Yanzu", don wanda ya ga hoton albasa ya danna kawai ya same ni. Ya ce in kawo wayar ya saita mini. Na ƙi. Na ce ai na taɓa yin kwas ɗin kwamfuta, wannan ba zai gagare ni ba.

Na saita abina, na ɗora hotuna masu kyau, na zauna jiran kira. Mako ya wuce, wani ya bi bayansa, shiru. Mutane suna yaba hotunan, amma ba mai nema na. Ga albasa jibge a rudu, rumfar karan da muke ajiye ta, ga zafi yana ƙaruwa. Kullum da safe sai na tsince waɗanda suka fara laushi na zubar. Har na fara cewa duk wannan harkar ta 'yan birni ce.

Wata Laraba da hantsi mahaifiyata ta kira ni daga Maiyama, inda ta koma zama wurin yayata bayan rasuwar. Muryarta ba yadda na saba ji ba.

"Wata mata ta kira ni tana biɗar babanka," ta ce. "Da sunansa ta kira shi, kamar yana nan."

Ban tsaya dogon tambaya ba, na hau babur na tafi. Na tarar da ita zaune a tabarma, wayar tana kan cinyarta. Ta ba ni labari cewa kusan wata guda ke nan baƙin muryoyi suna damun ta da zancen albasa, wasu da Turanci, wasu da Hausar da ba ta nuna ba. Ta ɗauka 'yan damfara ne, tana kashe wayar. Sai wannan matar, wata Bayarbiya daga Ibadan da ta tashi a Arewa, ta gaishe ta da ladabi, sannan ta karanta mata sunan da ta gani a shafin. Shi ne mahaifiyata ta kira ni.

Nan na ciro wayata. Na buɗe shafin, na danna madannin, karo na farko tun da na sa shi. Wayar da ke kan cinyarta ta ɗauki ƙara. Ashe tsohon layina na rubuta, wanda na bar mata tun tuni, shi yatsuna suka haddace.

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, laifina ne." Na yi mata bayani tiryan-tiryan. Sai ta tambaye ni ko da gaske mutanen da ke can nesa suna ganin sunan nasa. Na ce suna gani. Ta gyaɗa kai, ta ce to in kira matar nan, kada a bar ta tana jira.

A makon nan motar farko ta tashi zuwa Ibadan. Abin da ya lalace ya riga ya lalace, amma mafi yawa ya tsira. Na gyara lambar a ranar, kuma tun daga nan duk abin da na saita sai na gwada shi da hannuna kafin in zauna ina zargin mutane.

Ita dai matar Ibadan har yau ba ta taɓa kira na ba. Mahaifiyata take kira. Su gaisa, su yi zancen ciwon gwiwa da jikoki, sannan a aiko mini da saƙon ranar da za a yi lodi. Yayata ta ce duk ranar da suka yi waya, Inna takan ci abinci sosai.