Okoten Doña Eduviges

Duk wanda ya taɓa zama a Arroyo del Cuervo ya san Doña Eduviges Quiñones, in bai san fuskarta ba to ya san muryarta. 'Yar gajeruwa ce, ba ta kai kafaɗar kowa ba a ƙauyen, amma in ta tsaya a ƙofar gida ta daka wa akuyar wani tsawa, har masu yankan katako a ƙasan kwari sai sun ɗaga kai. A nan saman duwatsun Durango aka haife ta, inda ruwan bokiti ke kwana ya tashi da ƙanƙara tun kafin Kirsimeti. Ubanta jan gungume yake yi da alfadarai. Tun ba ta iya daka masara ba take gane kowane irin pino, dogon itacen nan mai siraran ganye da ya cika dajinsu, da ƙanshin hayaƙinsa.

Ta auri Aniceto, mai hawa bishiya yana tara wa ƙauye iri. Shi kam magana tsada take masa, ita ke yi musu su biyu. Abu ɗaya ke kwance masa baki, zancen pino. Ya ce kowanne da wurin zamansa. Wanda ganyensa ke sunkuye, da ake ce wa mai baƙin ciki, ba ya son komai sai farar ƙasa mai tsakuwa inda ko ciyawa ta ƙi fita. Wani kuma sai fadama mai jaura. Babban cikinsu, pino real, mai dogon ganye kamar tsinken tsintsiya, gangare mai rana yake so da ƙasa mai zurfi, kuma ɗansa kan yi shekaru a duƙe kamar tushen ciyawa yana aika saiwa ƙasa kafin ya miƙe. Eduviges takan ce mijinta ya fi sanin halin bishiya a kan sunayen 'ya'yan da ta haifa masa.

Wata shekara da rani ya tsananta, gobara ta haura daga kwari ta lashe gangaren bayan gidansu kaf. Bishiya ɗaya ta tsira, wani tsohon pino real mai kaurin ɓawo, da baƙin tabo a gindinsa inda wuta ta ci. Aka sayo dashe daga can ƙasa, ƙauye duka ya fita aikin gayya, maza da mata, aka dasa. Sanyin farko ya kashe su tas. Aniceto ya ce irin da aka kawo daga ƙasa bai san sanyin saman dutse ba, gangaren nan ba zai tashi ba sai da 'ya'yan wadda ta tsira. Da hannunsa ya zagaya ta da farin fenti, taron ƙauye ya yanke cewa ba gatarin da zai taɓa ta, aka sa mata suna Uwa. Sai dai ita ba kowace shekara take cika da kwanson da irinta ke ciki ba, ɗan abin da take yi kurege da tsuntsaye ke cinyewa, kuma ko ta ɗauka sai damina biyu kafin iri ya nuna. Aniceto bai ga shekarar da za ta cika ba. Ciwon ƙirji ya ɗauke shi.

Daga nan Eduviges ta naɗa kanta mai gadin Uwa, ba wanda ya sa ta. Ba ta ƙyale kowa ba, har Melitón, shugaban masu kula da dajin ƙauye, wanda ita ta riƙe 'yarsa ranar baftisma, abin da ya sa take ce masa kompadre, shi da matarsa kuma suke ce mata komadre. Ranar da shanunsa suka je susa a jikin bishiyar, a gaban taro ta tare shi.

"Kompadre, kai ne shugaban daji ko saniyarka ce? In ita ce a faɗa mana, mu kawo mata kujera."

"Haba komadre, susa kawai ta yi."

"To ta zo ta yi a bayanka, ai ya fi faɗi."

Aka yi ta dariya, Melitón ya cire hula ya ba da haƙuri. Ita kuwa ta koma gida tana jin kanta a sama, don tana son a ce matar Aniceto ba ta ɗaukar wargi.

Tsufa ya shigo mata ta gwiwa. 'Ya'yanta sun watse, wasu a birni, wasu sun tsallaka arewa. A ƙasar nan kuwa ba a hura wuta sai da okote, tsagin zuciyar pino da ƙaro ya jiƙa har ya yi ja, wanda ashana ɗaya ke isarsa ko da itace jiƙaƙƙe ne. Yaro ma ya san daga mataccen kututture ake tsago shi, ba a taɓa mai rai. Amma kututturan da suka rage suna can bayan tudu, gwiwarta kuma ta ce ba da ita ba. Da ta buɗe baki, Tomasa matar Melitón za ta aiko mata da ɗauri har gida. Ba ta buɗe ba. Ita da ta saba a zo wurinta roƙon gishiri da shawara, yau ta je ta ce a taimaka mata da abin kunna wuta? Girman kai ne, ba wani suna da za a ba shi.

Wata safiya ta damina ta yi ta fama da murhu har idonta ya yi jawur, hayaƙi kawai, ƙullun masara na jira a akushi. Ta san abin da ke cikin baƙin tabon Uwa. Itacen da wuta ta taɓa ci duk ƙaronsa a wurin ciwon yake taruwa, Aniceto ne ma ya nuna mata. Ta jira maza suka tafi wurin katako, ta sa ƙaramin gatari cikin mayafi, ta hau. Ɗan tsagi ɗaya ta cire, bai fi yatsa ba. Tana kai masa ashana ya kama kamar an zuba kananzir. Ta gasa wainar masararta, ta ɗumama wake, ta zauna ta kasa ci don kunya, ita kaɗai a ɗaki.

Ta ce ba za ta ƙara ba. Ruwa ya sake kwana yana zuba, ta ƙara. Bayan damina sanyi ya zo da nasa uzurin. Da ramin ya fara faɗi sai ta jera duwatsu a gindin ta rufe da busasshen ganye, ta ce wa mutane katanga ce saboda shanu. Aka yi ta yaba mata. Tomasa har ta faɗa a ƙofar coci cewa da kowace mace za ta riƙe amanar mijinta kamar komadre, da duniya ta zauna lafiya. Eduviges ta yi murmushi, a ranta tana roƙon ƙasa ta tsage ta shige. Haka aka yi shekaru, kullum tsagi ɗaya, kullum shi ne na ƙarshe.

Sai ga shekarar da ake jira. Melitón ya shigo mata tsakar gida yana haki, hula a hannu.

"Komadre, kin ɗaga kai kuwa? Uwa ta ɗauka har rassa na lanƙwasa. In Allah ya kai mu kaka, ba sai mun dasa komai ba, iska kaɗai za ta shuke gangaren nan. Kai, da Aniceto na nan."

Ta ɗora masa kofi. Yana kallo ta sa ashana, wuta ta tashi nan take.

"Wannan okote naki ba irin namu ba ne. Ina kike samo shi, ke da kike cewa gwiwa?"

"Ragowar na marigayi ne," ta ce, ba ta juyo ba.

"Allah ya jiƙansa. Mutumin nan ko a kabari bai daina hura miki wuta ba."

Daga ranar ta daina da gaske. Ta koma hura wuta da ɓawon masara da tsumma, wani lokaci ta ci waken jiya da sanyinsa. Amma da ta ɗaga dutse ɗaya ta zura hannu a ramin, sai da ya shige har kafaɗa. Abin da take roƙo kawai shi ne Uwa ta tsaya da ƙafarta zuwa kaka, iri ya nuna ya zube, bayan nan ko me zai faru ya faru. Duk iskar da ta kaɗa sai ta fito ƙofa ta tsaya tana kallon saman bishiyar.

Ba ta kai ba. Cikin watan Agusta, da la'asar, hadari ya taso daga yamma da iska mai ƙarfi. Eduviges na tsaye a ƙofa ta ji ƙara kamar an karya rake, Uwa ta karkata a hankali ta kwanta a gangare, ƙasa ta girgiza har kwanon rufin gidanta ya amsa.

Kafin ruwa ya tsagaita mutane sun taru. Kwanso ko'ina, kore shar. Melitón ya ɗauki ɗaya ya tsaga da wuƙa, ya matse ƙwayar iri tsakanin yatsunsa, farin ruwa ya fito kamar madara. Irin bai nuna ba. Ya goge hannu a wando. Duwatsun katangar sun tarwatse, kututturen ya buɗe kowa na gani. Ciki jawur, duk sawun ƙaramin gatari ne, sabo a kan tsoho, kuma ba sara ɗaya da ya wuce tsayin ƙirjin gajeren mutum.

Wani daga baya ya fara, "Wane marar imanin ne ya..."

"Tsohuwar wutar nan ce ta cinye ta ta ciki," Melitón ya katse shi. "Dama Aniceto ya ce za a iya haka."

Aniceto bai taɓa faɗin haka ba, kuma ba wanda bai sani ba. Ba wanda ya kalli Eduviges, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Da zaginta suka yi da ta fi jin sauƙi, ko ba komai ta san yadda ake rama zagi.

"Kompadre," ta ce.

"Shiga gida, komadre, ruwa na dukanki."

Kwana biyu bayan nan aka yi gayyar yanka gungumen. Katako ya tafi rufin makaranta. Okoten kututture kuwa, a al'adar Arroyo del Cuervo, na tsofaffi ne da matan da mazansu suka rasu, wadda ta fi kusa ita ke fara samu. Tana zaune a ɗaki ta ji ana sauke kaya a jikin bangonta. Ta leƙo ta ga maza a jere, kowa da ɗauri a kafaɗa, suna tarawa har tulin ya kusa taɓa rufi. Tomasa na gaba tana gyara jerin.

"Ga shi nan, komadre," ta ce a hankali. "Ba sai kin ƙara hawa ko'ina ba."

Masu gayya ba sa tafiya sai uwar gida ta ba su kofi. Suka zazzauna a tsakar gida suna jira. Eduviges ta durƙusa gaban murhu, itace jiƙe, ta yi ta ƙyasta ashana a kan ɓawon masara yana mutuwa. Can Melitón ya tashi, ya zaro tsagi ɗaya daga tulin, ya miƙa mata. Ta kalli jan tsagin, sannan ta karɓa a gaban kowa.