Muryar Yayana a Lasifika

Yayana mawaƙi ne, da jita yake waƙa, kuma lokacin ina budurwa da wuya a yi bikin Hausawan Madina ba a neme shi ba. Yakan yi awa huɗu yana waƙa bai zauna ba. Mutane suna cewa baiwa ce. Mu a gida mun san ƙwaya ce, irin wadda direbobin manyan motoci suke sha don kada barci ya ɗauke su. Sai da ta kai shi asibiti a Jidda, ya yi wata bakwai.

Da ya dawo gidanmu na Al-Azizya kowa ya rungume shi, ban da ni. Ni ce mai wanke masa kaya tun da can, na san maɓoyarsa. Idan ya shiga wanka sai in laluba aljihunsa, in girgiza jitar ko wani abu zai yi ƙara a ciki. Ban taɓa samun komai ba, amma hankalina bai kwanta ba. Cewa na yi ya ƙara wayo ne kawai.

Bayan shekara guda aka gayyace shi biki a unguwar Aƙiƙ. Mahaifiyarmu ta ce, “Ki je ki sa masa ido.” Ido ta ina? Maza suna ɓangarensu, mu muna namu, ga katanga a tsakani, sai lasifika da aka jawo mana da waya. Tsofaffin abokan kiɗansa kuwa, waɗanda ko gaisuwarsu ba na amsawa, duk suna can tare da shi.

Na zauna gindin lasifikar, shinkafata ta huce a gabana. Na san muryar ƙwaya sarai, sauri gare ta, ba hutu, waƙa na hawa kan waƙa. Ita na kasa kunne ina jira.

Waƙar farko ta fita tsaf, na ƙara matsawa kusa da lasifikar. A ta biyu na ji yana jan numfashi. A ta uku muryar ta dushe, ya yi tari, ya ce, “Samihuni, ku yafe ni ya jama'a, na gaji.” Aka kashe lasifikar.

Wata dattijuwa kusa da ni ta taɓe baki. “Khalas, wannan ya ƙare. Da can fa sai ƙafafunmu sun kumbura da rawa.”

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, don daɗi. Mai ƙwaya a ciki ba ya gajiya. Mata suka juyo suna kallona kamar na zare.

Washegari da hantsi na same shi a falo ya haɗa kai da gwiwa.

“Auta, kin ji abin kunyar da na yi?”

“Na ji, Yaya.”

“Abokan kiɗana sun miƙo mini shayi bayan waƙa ta biyu. Na san abin da suka jefa ciki. Na riƙe kofin har ya huce, na ajiye.” Ya share fuska. “Har wata ta yi mini guɗar ba'a ta bayan katanga. Wallahi ita ta fi yi mini ciwo.”

Na ce, “Ni ce, kuma ba ba'a ba ce. Murna na yi da na ji ka gaji.”

Ya daɗe yana kallona kafin ya gane.

“Ashe duk shekarar nan ba ki yarda da ni ba,” ya ce.

Ban musa ba.