Falwayoyin Dallatu da Suka Yi Ganye

In ka shigo ƙauyenmu ta hanyar Minjibir, ka bar masallacin Juma'a a hannun dama ka miƙe gabas, za ka ga cediyoyi sun jeru a layi cikin gona har ƙofar wani gida. Baƙi sukan tsaya su ce kai, wannan maigidan ya san darajar bishiya. Ni kuwa sai in toshe baki da mayafi, don na san maigidan ciki da waje. Dallatu ne, taubashina, ɗan Gwaggo Maryamu ƙanwar babana, kuma wallahi ba dashe ya yi niyya ba. Wutar lantarki ya je jawowa.

Bari in fara gaya muku wane ne Dallatu. Manomi ne tun bai kai tsawon hauya ba, gero da dawa da wake da 'yar gyaɗa. Ba marowaci ba ne, kar in ɗauki alhakinsa, amma akwai shi da wani hali: ba ya sayen abin da yake ganin hannunsa zai iya yi. Ƙotar gatari shi ke sassaƙawa, ƙyauren ɗaki shi ke haɗawa. Ya taɓa sassaƙa wa matarsa Aina'u turmi, in ana daka a ciki sai ya riƙa tafiya gefe-gefe, kafin a gama surfe an isa bakin garka. Har yau in na je gidan sai na tambayi lafiyar turmin, ko ya dawo daga yawo.

Hali na biyu ba laifinsa ba ne, baiwa ce. Duk abin da Dallatu ya soka a ƙasa sai ya tsiro. Maƙwabtansa na gona sukan ce ko taɓarya ya kafa, a dawo bayan ruwa biyu a duba.

Na uku kuma shi ne uwarsa. Mutum ya haura hamsin, gemu ya yi fari, ga jikoki, amma bai taɓa wayar gari bai tsuguna a ƙofar ɗakin Gwaggo ba. Daga masallaci can yake zarcewa, ya gaishe ta, ta miƙo masa kokon da ta dama da hannunta, ya sha yana ba ta labarin gona kamar ita ce mai gonar. Ina yi masa tsiya in ce, “Kai Dallatu, yaushe za a yaye ka?” Sai ya ce, “Ke Ramlatu, ranar da aka yaye bakinki daga surutu.”

Bayan rasuwar babansu, Malam Yahya, gidan ya daɗe ba a raba ba. Amma ku kun san ƙasarmu, gida na jikin gida, gona na jikin gona, yara kuma suna ta girma. Da aka zo rabon gado, ɓangaren bakin hanya ya faɗa wa ƙaninsa Zubairu. Nan zauren yake, nan ɗakin Gwaggo yake, nan kuma tsohuwar cediyar da Malam Yahya ya yi zamansa na duniya a gindinta. Zubairu ba mugu ba ne, shaguna yake so ya gina tun da an zuba wa hanyar kwalta, yana da bakuna da yawa a gida. Dallatu kuwa ya samu gonar gabas, ya datse gefe ɗaya ya yi gini, ya ware ɗaki mafi kyau ya ce na Inna ne.

Gwaggo ta ce ba ta san zance ba.

“Inna, ɗakin fa har da siminti,” in ji Dallatu.

“Akwai wuta?”

“Za a kawo.”

“To ranar da aka kawo ka zo mu yi magana. Ni da fankata mun saba. Ba zan je tsakiyar gona in gasu ba.”

Ana cikin haka sai ga 'yarta Rahma, wadda ke aure a Dawanau, ta zo da tata shawarar. Ta ce da zarar an yanke gero Zubairu zai rushe ɗakin, saboda haka in har lokacin babu wuta a gidan Yaya, ita za ta zo da mota ta ɗauki Inna. Can akwai wuta, akwai famfo, akwai asibiti kusa. Kowa ya ce maganar Rahma gaskiya ce, har shi Dallatun. Amma na ga fuskarsa a ranar, kuma na tausaya masa. Dawanau ba ƙarshen duniya ba ce, sai dai ba wurin da mutum zai je shan koko bayan asuba ya dawo gona ba ne.

Daga nan Dallatu ya zama ba shi da zance sai na haɗa gida. Ruwa bai ba shi wahala ba, ya kira gayya aka haƙa rijiya, Allah ya sa ruwan na kusa. Sabis ɗin waya ya ɗan yi gardama, sai da aka gano ba ya kamawa sai a kan dakalin bayan rumbu, har Aina'u ta ajiye kujera a wurin. Saura wuta. Ya hau kekensa ya tafi ofishin masu wuta, suka ce masa layinsu ya tsaya a bakin masallaci. In yana so a kai masa, sai ya tanadi falwayoyi daga nan zuwa gidansa, ya sa a yi wayarin, wato a ja wayoyin cikin gida, sannan su zo su duba su ɗaura mita. Wayarin ɗin dai ya haƙura ya kira mai sana'ar, don Aina'u ta rantse in ya taɓa waya da hannunsa za ta kwashe yara ta tafi gidansu. Amma falwaya? Itace ne fa a tsaye. Dallatu ya ce ai wannan ba abin saye ba ne.

A daidai wannan bazarar Zubairu ya kira masu sara suka kayar da cediyar. Ranar Gwaggo ba ta fito ba, ta saki labulenta, tuwon da aka kai mata ma haka aka dawo da shi. Mu mata mun gane, shi ya sa tun daga ranar babu wadda ta ƙara ambaton bishiyar a gabanta. Shi kuwa gogan naku ya tsaya yana kallon manyan rassa a zube, idonsa na ƙyalli. Ya zaɓi masu ɗan miƙewa, ya sassabe su, ruwan farin nan na ta ɗiga, ya ɗora a amalanke ya yi gabas.

Yanzu ku ji yadda manomi ke kafa falwaya. Ya haƙa rami mai zurfi. Ya lura da kyau gindi na ƙasa, kai na sama. Ƙasar da ya mayar ta gona ce da ta sha taki tun zamanin kakanni. Ya tuttula ruwa wai don ƙasar ta danne. Sannan ya kewaye kowacce da ƙaya wai kar awaki su riƙa soshe-soshe su karkata masa aiki. Na je na tarar da shi yana yi, na ce, “Dallatu, cediya ce fa, ɗanya shar.” Ya ce, “Ke me kika sani a harkar lantarki? Zafin bazarar nan sati ɗaya zai busar da su.” Na ce Allah ya ba da sa'a, injiniya.

Ruwa ya sauka da wuri a shekarar. Masu wuta kuma suna da garuruwa da yawa a gabansu, ba su samu zuwa ba sai da gero ya kai gwiwa. Kafin nan falwayoyin Dallatu sun fara fitar da 'yan kunnuwa jajaye, daga nan suka koma kore. Wayyo Allah, zo ku ga tashin hankali. Kullum in ya baro wurin Gwaggo sai ya ɗauki tsani ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tsige ganye, awakin unguwa na biye da shi suna godiya. Inda ya tsige ɗaya, biyu ke fitowa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana roƙon Allah shuka ta yi kyau, ga shi yana zagin tsiro.

Ranar da ma'aikacin ya zo a kan babur, mutum ne mai ladabi, ya gaida Dallatu yana kiransa Baba. Ya zagaya falwaya ta farko, ya ɗaga kai, ya kankare ɓawon da farce, farin ruwa ya biyo.

“Baba, wannan ai tana da rai.”

“Za ta mutu, ɗana. Ina kan ta.”

“Baba, ba a ɗora waya a kan itace mai rai. Zai girma ya ja wayar, ruwa ya sauka wani ya dafa, a shiga uku. Sai falwayar kankare, ko busasshen katako irin namu.”

Dallatu ya ce to a ba shi lokaci. Amma shi ya sani, ni ma na sani, falwayar kankare sai an sayar da wake, wake kuwa sai bayan gero ya daɗe da shiga rumbu. Daga ranar ya jingine tsaninsa. Cediyoyi suka samu sarari, suka yi ta murna.

Labari ya cika gari, har yara na kiran hanyar Layin Injiniya. Gwaggo ma ta ji cewa falwayoyin ɗanta sun yi ganye, aka ce ta yi dariya, karo na farko tun bazara. Amma babu wanda ya gaya mata daga wace bishiya aka saro su, ita kuma ciwon gwiwa ya hana ta fita, ba ta taɓa taka sabon gidan ba. Dallatu ya ci gaba da zuwa shan kokonsa, sai dai labarin gona ya ragu. Ni kaina na daina tsokanarsa, abin da ban taɓa yi ba tun muna yara.

Aka yanke gero, Rahma ta cika alkawari. Ta zo da hantsi da wata mota ta mijinta, aka loda akwatin Gwaggo da tabarmarta da fankar nan. Dallatu da kansa ya ɗaura igiyar, yana ta ƙara ƙulli a inda ba a buƙata. Da aka shigar da Gwaggo sai ta ce wa direba, “Bi da ni ta gidan yaron nan in sa masa albarka. Ba zan bar gari ban ga inda zai kwana ba.” Ni ma na cusa kaina a baya, don ba a barina a irin wannan.

Motar ta bar masallaci ta shiga hanyar gona, muka fara wuce falwayoyin ɗaya-ɗaya, kowacce da tulin ganye a ka. Gwaggo na ta kallo ta taga. A ƙofar gida aka tsaya, aka riƙo ta ta sauko, ga falwaya ta ƙarshe dab da zaure, har ta fara yin 'yar inuwa da ba ta fi faifai biyu ba. Gwaggo ba ta dubi gidan ba. Ta je ta dafa itacen, ta tsinki ganye ɗaya ta murza a yatsunta.

“Dallatu, ina ka samo wannan?”

Isowarsa ke nan a kan keke, yana haki. Ya tsuguna, ya sunkuyar da kai. “Inna, ki gafarce ni. Rassan cediyar Baba ne. Na ga za a yi makamashi da su, na ce gara su yi aiki.”

Gwaggo ta daɗe tana shafa ɓawon. Can sai kafaɗunta suka fara rawa, na ɗauka kuka take, ashe dariya ce, hawaye kuma na zuba.

“Ɗan gidan Yahya,” ta ce. “Ka san yadda waccan ta samu? Shekarar da aka kawo ni, na zo da akuya ɗaya. Ubanka ya ce ba zai nemi turke a wurin kowa ba, ya saro reshe ya kafa mata a ƙofar gida. Damina ɗaya turke ya yi ganye. Wata guda yana tsigewa yana faɗa.”

Rahma ta ce, “Inna, rana na yi, ga hanya.”

“Ni fa ba wuta nake nema ba,” in ji Gwaggo, ba ta ko juya ba. “Na ce wuta ne don na san za ta yi wuya. Da wane baki zan ce wa 'ya'yana ba na son barin bishiya?” Ta nemi wuri a 'yar inuwar nan ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafafu. “A kwance igiyar nan. Fankar ki tafi da ita, Rahma, ki ba yara.”

Sai da aka sha wuya kafin a kwance ƙulle-ƙullen Dallatu, shi kuwa bai taya ba, yana tsugune ya rufe fuska da hularsa. Tsiyar da zan yi masa a ranar na adana ta.

Wuta ta iso bayan shekara biyu, a kan falwayoyin kankare da aka kafa a ɗaya gefen hanyar, nesa da rassan. Gwaggo ta ga zuwanta, ta ce madalla, ta koma waje kan tabarmarta. Ta yi damina huɗu a gidan kafin Allah ya karɓi abarsa, kuma babu safiyar da Dallatu bai sha kokonsa ba. Yanzu Aina'u ce ke damawa. Ba ya sha a cikin gida, yakan fito da kwanon ya tsuguna a gindin cediyar ƙofar zaure, ya shanye a can.