Ɗan Gwangwanin da Na Ƙera Mai Jefa Ƙuri'a

A wani zaɓe na zamanin da kuɗin fetur ke yawo, mun sha rana a layi a Wagini tun hantsi har la'asar, akwati bai iso ba. Washegari muka ji a rediyo wai duk garin mun jefa ƙuri'a. Har mahaifina, da ya shekara biyu a kabari, an ce ya dangwala.

Ni mai gyaran rediyo ne a kasuwar Batsari, ban iya cacar baki ba. Sai na tara gwangwanayen madara, na ciro ɗan injin da ke juya kaset daga wata matacciyar rakoda, na haɗa ɗan mutum mai tumbi da doguwar hula. Da an sa masa batir sai ya ɗaga hannu ya tura takarda cikin akwati, ya sake, ya sake, ba hutu. Ranar kasuwa na girke shi bakin rumfata, ban ce uffan ba, amma kowa ya gane. Kaina ya kumbura, a ganina na rama mana.

Kasuwa ta uku sai ga motar wanda aka ce mun zaɓa. Na riga na gaya wa matata inda za ta kai mini tuwo in an rufe ni. Gaskiya ma so nake a rufe ni ɗin.

Ya tsaya ya ƙura wa abin ido, sai ya fashe da dariya har da hawaye.

"Malam, ai wannan ya fi yarana aiki," in ji shi. "Bai gajiya, bai neman na goro. Ku sa man shi a mota."

"Ranka ya daɗe, batir biyu yake ci."

Abin da ya fito daga bakina ke nan. Mutanen da suka sha rana tare da ni suna ta taya shi dariya, har da masu tafi. Na tsani kasuwar nan kaf, amma na fi tsanar kaina.

Ya ɗora shi kan talabijin a falonsa, yana kunna wa baƙi. Da damina ta faɗi ya aiko, wai hannun ya cije. Na ɗauki man keken ɗinki na tafi, na durƙusa kan kafet ɗinsa na gyara, gyara mai kyau kuwa.