Yaya da Bakin Inna

Ina aji huɗu a firamare aka dawo da 'yar baffana gidanmu a Maigatari. Tun daga yaye kakarta ta wajen uwa ta ɗauke ta zuwa wani ƙauye a ƙasar Damagaram, can ta tashi, can ta fara makaranta. Da tsohuwar ta rasu sai Baffa ya je ya taho da ita. Ta ɗan girme ni, don haka nake ce mata Yaya. Mahaifiyarta kuwa, matar Baffa, duk gidan Inna muke ce mata. Ita ma Inna 'yar can ce, aure ya ƙetaro da ita, kuma har ta tsufa bakinta bai sauya ba.

Aji ɗaya aka sa mu. A makon farko Yaya ta ɗaga hannu ta ce wa malaminmu, "Mushe, na mance kayena a gida." Malam da littafin rubutu take nufi, da Faransancin da suka saba da shi a can Nijar. Aji ya fashe da dariya. Ba wai ba mu san irin maganar ba, duk Alhamis muna jin ta a kasuwa a bakin masu raƙuma da dillalai, amma ba mu taɓa jin ta a cikin aji ba. Daga ranar yara suka laƙaba mata 'yar Faranshi. Ta daina ɗaga hannu. A gida kuwa bakinta ba ya rufuwa, ita da Inna su zauna a gindin murhu suna ta hirar mutanen da ba mu sani ba, suna dariya har da hawaye.

Da muka gama firamare aka kai mu makarantar kwana a Gumel. A can muka haɗu da malamar Hausa, wata doguwar mata mai faɗa, wadda take da akwatin ƙarfe cike da littattafan ƙagaggun labarai. Ba ta ba da aro a kai ɗaki. Sai dai bayan la'asar ta sa a fito da akwatin gindin darbejiya, ta zaɓi yarinya ɗaya ta karanta a bayyane, saura su saurara. Ba ta cika son na soyayya ba. Waɗanda ta fi fitarwa su ne na tasowar yaro ko yarinya, tun daga ƙuruciya har mutum ya zama abin da zai zama. Akwai ɗaya da muka fi so, labarin wani yaro mai jigilar yashi da jakuna wanda ya ƙwallafa rai sai ya koyi gina gada, saboda rafi ya taɓa cinye masa ƙane.

Ranar da layi ya zo kan Yaya, na ji tsoro a madadinta. Ta karɓi littafin. Amma da ta fara, sai wurin ya yi tsit. In tsoho ne ke magana a labarin, tsoho za ka ji, in yaro ne yaro. Da ta kai inda yaron ya tsaya a bakin rafin yana tambayar kansa shi wane ne in aka raba shi da jakunan ubansa, wata 'yar aji ɗaya ta fara kuka. Malama ta karɓi littafinta ta ce wa Yaya, "Ke, muryar nan taki ba ta gindin bishiya ba ce, ta rediyo ce. Sai dai ki gyara bakinki."

Maganar nan ta shiga Yaya. Ta cinye duk littattafan akwatin, tana gamawa tana ba ni labarin abin da ta gano. Ta ce mini duk hanyarsu ɗaya ce: yaro yana jin wani abu a ransa da 'yan gidansu ba sa ji, sai a sami wani babba ya gane shi, sai ya bar gida, ya sha wuya, a yi masa dariya, a ƙarshe ya gane kansa. Ta ce, "Kin gani? Ni ma an yi mini dariyar, an kuma gane ni. Saura tafiyar."

Ni abin da littattafan suka yi mini daban ne, kuma ban gaya mata ba a lokacin. Ina jin daɗinsu, amma in an rufe sai in ji wani nauyi. Kowa a cikinsu yana da abin da ke hana shi sukuni. Na duba raina ban sami irin wannan ba. Ina son lissafi, ina son ɗanwake, ina son hutu ya zo in koma gida, shi ke nan. Na lura kuma a kowane littafi akwai wani ƙane ko ƙanwa da ake bari a gida, a ambace shi a farko yana ɗaga hannu a tasha, ba a sake jin ɗuriyarsa sai ranar da gwarzon ya dawo. Na fara zargin ni ce wannan.

Yaya ta kama gyaran baki kamar mai jinya. Duk safiya tana manne da rediyon mai gadin makaranta, tana maimaita abin da masu labarai suka faɗa. In kalmar can ta kuɓuce mata sai ta bugi leɓenta da yatsa ta sake jimlar. Kafin mu gama sakandare ba wanda zai ji ta ya ce ba a cikin birnin Kano aka haife ta ba.

A wani hutu ne abin ya fara taɓa gida. Inna ta yi baƙi, matan maƙwabta, ta ce wa Yaya, "Miƙo mini salulata in kira lokotoro." Yaya ta miƙa mata ta ce, "Inna, waya ake cewa. Kuma likita ne." Ba da tsawa ta faɗa ba, har da murmushi. Matan suka yi dariya. Inna ta ce, "To, malama," ta ci gaba da hirarta. Amma daga ranar na lura in Yaya tana wurin, Inna tana taƙaita magana, hirar gindin murhu kuma ta mutu.

Bayan sakandare Yaya ta tafi Kano karatu. Baffa bai hana ba, shi ya kai ta da kansa. Ni na shiga kwalejin horar da malamai, da na gama aka tura ni koyarwa a Gagarawa, na yi aure a can, ina nan har yau. Yaya ta sha wuyar da littattafan suka yi mata alkawari: zaman ɗakin haya, yawon neman aiki, aikin sa-kai na tsawon lokaci a wani gidan rediyo kafin a ɗauke ta. Ranar da aka fara jin muryarta tana karanta sanarwa, Inna ta fito da rediyo tsakar gida ta aika aka kira maƙwabta. Ina wurin. Ta saurara har ƙarshe, ta share ido da bakin zane ta ce, "Muryar dai tata ce." Sannan ta dafa shinkafa ta raba wa unguwa.

Abin da ya ɗaga sunan Yaya ba sanarwa ba ne. Gidan rediyon ya fara wani wasan kwaikwayo na barkwanci, ana neman wadda za ta fito a matsayin wata tsohuwa 'yar ƙetare da ta zo birni ba ta san komai ba. Wani ya tuna Yaya ta iya bakin. Ta iya kuwa. Ta ɗauko muryar Inna kaf, da yadda take jan ƙarshen magana, da yadda take cewa "wayyo ni 'yar mutane" in abu ya ba ta mamaki. Mutane suka so tsohuwar nan. A cikin motar haya daga Gagarawa zuwa Gumel na sha jin fasinjoji suna kwaikwayonta suna ƙyaƙyatawa.

A Maigatari kowa ya gane ko wace ce. Yara suka fara bin Inna in ta fita unguwa suna cewa "wayyo ni 'yar mutane." Wata rana na je gida na tarar rediyon a saman kwabet an rufe shi da ƙyalle. Na ce, "Inna, ya lalace ne?" Ta ce, "Lafiyarsa lau. Kunnena ne ya gaji." Na kira Yaya na gaya mata. Ta ce, "Ai wasa ne. Kuma in na ƙi, wata za a ba, ta yi shi ba daɗi. Ni aƙalla da so nake yi." Na yarda da so take yi. Ban san yadda zan fahimtar da ita cewa daga tsakar gidanmu ba haka ake jin sa ba.

Ana cikin damina hawan jini ya kayar da Inna, ɓarin jikinta ya shanye. Bayan an sallamo ta daga asibiti na ɗauki hutu na zo jinya. Maganarta ta dawo a hankali, amma ta koma can baya, tana kiran sunayen mutanen ƙauyensu da suka daɗe da rasuwa, tana neman abubuwa da kalmomin da ni ban sani ba. Yaya ta zo da kaya niƙi-niƙi, ta zauna a bakin gado tana ba ta kunu. Inna ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Yi mini hira da bakin gida."

Yaya ta ajiye kofin. Ta buɗe baki ta fara, tana tambayarta labarin rijiyar ƙauyensu. Jimla biyu ta yi, duk muka ji abin da ya fito: muryar tsohuwar rediyo ce, da jan maganar da ake yi wa dariya. Yaya ma ta ji. Ta tsaya, ta sake gwadawa a hankali, ya sake fitowa haka. Inna ta juya fuskarta bango.

Na sami Yaya a bayan ɗaki wajen turken awaki, ta dafe kai. Ta ce, "Ba da gangan na yi ba, wallahi. Na neme shi ban same shi ba. Wanda nake yi da ita a da, ya tafi. Wannan kaɗai ya rage mini."

Na ce, "Na sani, Yaya."

Ta ce, "Kin tuna yaron jakunan nan? Da ya gina gadar ya dawo, uwarsa tana ƙofar gida tana jiransa, yadda ya bar ta. Duk haka suke dawowa su tarar da kowa. Ba wanda ya rubuta cewa su ma na gida suna tafiya." Ta share hanci ta dube ni. "Ke kin huta. Kin san ko ke wace ce."

Na kusa yin dariya. Na gaya mata abin da na ɓoye tun Gumel, cewa kullum ina ganin kaina a matsayin wadda aka bari a tasha, kuma har yanzu in na tsaya gaban ɗalibaina ina koya musu irin waɗannan littattafan, ina ce musu kowa ya bi burinsa, sai in ji kamar ina tallan abin da ban taɓa ɗanɗanawa ba. Ta yi mamaki ƙwarai. Muka zauna a wurin ba mai lallashin wani, har aka kira la'asar.

Inna ta rasu bayan an yi girbi. Kafin nan Yaya ta sake zuwa sau da yawa, tana yi mata wanka, tana yanke mata farce, amma ba su sake yin doguwar magana ba. Ban ji Inna ta yi mata faɗa ba, ban kuma ji ta ce ta yafe ba, don a wurinta wataƙila ba wani laifi da za a ambata. Bayan addu'ar arba'in Yaya ta ajiye wasan kwaikwayon. An yi ta roƙonta, ta ƙi. Yanzu labarai kawai take karantawa, kuma tana da daraja a wurin aikinta.

Bara ta kira ni ta ce in raka ta ƙauyen kakarta, tana so ta ga gidan, ta zauna da 'yan uwan Inna ko da kwana biyu ne ta saurare su. Muka haɗu a Maigatari ranar kasuwa. Lokacin an tsaurara shige da fice a kan iyaka, kawunta da zai zo ya tarbe mu ya shiga da mu bai samu ƙetarowa ba. Muka jira a cikin mota rana tana dukanmu, garken shanu yana wucewa ta gefenmu. Wasu mata 'yan can suka zo sayar da cuku, Yaya ta sauke gilashi ta saya ba don tana so ba, ta riƙa ja musu ciniki don su yi ta magana. Ɗaya daga cikinsu ta ce mata, "Hajiya daga Kano kike ko?" Yaya ta ce e.

Da yamma ta yi muka juyo. Ta sauke ni a tashar Gumel, ta ce in an sami sarari za mu sake gwadawa. Na hau motar Gagarawa da cukun a cinyata, ita kuma ta wuce Kano don da safe tana da aiki.