Ƙofar Gaban Gidan Wilma

Goggona Odessa tela ce a wani ƙaramin gari a jihar Misisipi ta Amurka, a zamanin wariyar launin fata. Shekara arba'in suna ƙawance da Wilma, wata farar fata. Tare suke ɗinki, tare suka yi kukan mutuwar mazajensu. Amma duk tsawon shekarun nan ta ƙofar baya Goggo take shiga gidanta, kamar kowane baƙin mutum.

Da ciwo ya kwantar da Wilma, ta aiko a kira ta. Ni na raka ta. Goggo ta kafa hular cocinta, ta nufi ƙofar gaba, ta ƙwanƙwasa.

Ɗan Wilma ya leƙo ta taga. "Odessa, hanya ta ɓace miki ne? Zagaya."

"Kai, ni na yi maka wankan farko. Je ka tambayi uwarka, 'yar aiki ta kira ko ƙawa?"

Muka yi ta tsayuwa a rana. Can sai ƙofar ta buɗe. Wilma ce da kanta, dafe da bango, matar da ta yi wata guda ba ta taka ƙasa ba.

"Kin daɗe, mai taurin kai," in ji ta.

Goggo ta gyara hularta. "Shekara arba'in na yi a hanya."